Kowa da Rumfarsa: Yadda Ake Raba wa Kayan Kiɗa Fili da Ikwalaiza a Situdiyon Gida

Shekarar da na fara naɗar kiɗa a shagon gidanmu da ke wajen Ƙofar Marusa, wani dattijo makaɗin kalangu ya zo na ɗauki kiɗansa saboda wata waƙar biki. Muka gama da la'asar, na ce ya dawo jibi. Kwana biyu ina gaban kwamfuta ina murɗe-murɗe. Na ƙara wa kik, wato babbar gangar da ake takawa da ƙafa, nauyi, na ƙara wa bes mai kaurin sauti, na ƙara wa fiyano kaifi, da na ji kalangu ya nutse shi ma na ƙara masa. Da ya dawo na kunna masa ina ta murmushi. Ya saurara har amshi na biyu, sannan ya ɗaga hannu.

"Ɗana, wanga kalangun wa ne?"

"Naka ne mana, Baba."

"A'a. Nawa magana yake yi. Wanga kuwa mura gare shi."

Ya fi ni gaskiya. Na cika wurin da wasu kaya har kalangun ya rasa inda zai sa ƙafa. Tun ranar na gane cewa ikwalaiza, wato na'urar ƙara ko rage wani sashe na sauti, wadda 'yan situdiyo ke taƙaitawa da EQ, aikinta rabon fili ne. Ka ɗauki waƙarka kamar babbar kasuwar Katsina: masu hatsi da layinsu, masu atamfa da nasu, mahauta da nasu. In kowa ya baje hajarsa a bakin ƙofa ɗaya, komai ɗaga muryarsu mai saye ba zai ji kowa ba.

Filin da za a raba

Kunne mai lafiya yana jin sauti daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz, kuma saman yana zaizayewa da shekaru, balle ga wanda ya saba tsayawa gaban sifikun biki. Lambar tana nuna sau nawa iska ke kaɗawa a daƙiƙa ɗaya: in ta yi ƙasa sauti ya yi kauri, in ta yi sama ya yi siriri. Duk sa'ad da lambar ta ninka, sautin ya hau bene ɗaya, shi ya sa tazarar 100 zuwa 200 a kunne daidai take da ta 1,000 zuwa 2,000.

Abin da ke ƙasa da 60 Hz jijjiga ce, ƙirji ya fi kunne jin ta. Daga nan zuwa 200 gidan kik da bes ne. Tsakanin 200 da 500 ɗumin kiɗa yake, can kuma caɓi ke taruwa, don kusan kowane kayan kiɗa yana da kaso a wurin. Daga 500 zuwa 2,000 jikin sauti ne, in ya yi yawa kuma ya koma magana ta hanci. Daga 2,000 zuwa 5,000 kunne ya fi saurin ji, ya kuma fi saurin gajiya. Sama da haka sai tsartuwar "s" da "sh" da "ts", sai caki, sai iska.

Ikwalaizar da za ka yi aiki da ita abu uku take tambayarka: ina za a taɓa, nawa za a ƙara ko a rage a ma'aunin dB, sannan faɗin wurin, wanda ake rubutawa da Q. In Q ya yi yawa wurin ya tsuke kamar allura, in ya yi kaɗan ya buɗe kamar faifai. Wani injiniya ɗan Amurka, George Massenburg, shi ya gabatar da wannan tsari a 1972, yau kuma kowace manhajar haɗa kiɗa tana zuwa da irinta. Masu FL Studio suna da Fruity Parametric EQ 2 mai maɗaukai bakwai, wato wurare bakwai da za ka iya taɓawa, masu Reaper suna da ReaEQ, Cubase ma tana da tata a kan kowane layi, wato gurbin kowane kayan kiɗa ko murya. Ta cikin manhajarka ta ishe ka. Wanda duk ya ce maka sai mai tsada, nemi waƙar da ya haɗa ka saurara tukuna.

Mataki na farko: kada ka buɗe ta tukuna

Fara da ɗakin. Yawancinmu a ɗaki sha biyu sha biyu muke aiki, bangon siminti, ƙasa tayil. Ɗaki mai faɗin ƙafa 12 yana da sautin da yake kumburawa da kansa a wajen 47 Hz da ninkinsa, in kuma tsawo da faɗi ɗaya ne abin ya haɗu biyu. Sai ka ji bes ya yi ruri a jikin bango, a tsakiyar ɗaki kuma ya ɓace. Don haka kada ka ajiye kujerarka a tsakiya cif, kada kuma ka cusa sifiku a lungu. Katifa a jingine bayanka da labule mai kauri suna rage amsa-kuwwa, amma kwandon ƙwai da ake mannawa a bango ba ya taɓa bes ko kaɗan, ado ne kawai da matattarar ƙura.

Sannan ka saurara da murya madaidaiciya, yadda za ka iya hira da na kusa da kai. Tun 1933 wasu masu bincike biyu, Fletcher da Munson, suka auna cewa kunne ba ya jin ƙasa da sama daidai a kowane ƙarfi: in ka ƙure sifika, bes da kaifi sai su yi kamar sun cika, ka rage su, in an kunna a hankali kuma waƙar ta zama fanko.

Yanzu ka sauke duk fedojin, wato maɓallan ƙarfin kowane layi, ka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ka ture wasu kayan hagu wasu dama, har waƙar ta zauna iya zamanta ba tare da ikwalaiza ko ɗaya ba. Rabin abin da kake zaton matsalar EQ ce, wani layi ne ya fi ƙarfinsa. Wani kuma tun wajen kiɗa aka yi kuskuren. In mai fiyano yana danna hannun hagu can ƙasa inda bes ke tafiya, gaya masa ya hau sama ya sake bugawa. Minti biyar ne, kuma ya fi awa guda na yanke-yanke.

Mataki na biyu: rariya

Kowane makirfo yana kwaso tarkacen da ba kiɗa ba: rurin inji a gidan maƙwabta, babbar mota a titi, taka ƙafar mawaƙi, fanka. Mafi yawansu a ƙasa suke, kuma in layi ashirin kowanne ya kawo nasa kaɗan, sai su taru su danne kik da bes. Maganinsu matatar da ke zubar da ƙasa ta bar sama ya wuce, wadda 'yan situdiyo ke kira lo-kot. Ni rariya nake ce mata.

Sa ta a kan duk abin da ba kik ko bes ba. Kunna waƙar gaba ɗaya, ka ja ta daga 20 Hz kana hawa a hankali. Inda ka ji kayan ya fara ramewa, tsaya, ka ɗan koma baya. Igiyar jita mafi kauri tana kan 82 Hz, saboda haka duk abin da ke ƙasa da nan a layin jita shara ne, kuma a cikin cunkoson kiɗa kana iya kai rariyar 120 ko fiye ba wanda ya lura. Muryar namiji nakan fara daga 80 zuwa 100, ta mace 120 zuwa 150, 'yan amshi sama da haka kaɗan. Sarewa da goge suna jure 200. Caki da haya, wato faifan ƙarfen nan na ganguna, suna jure 300 har 400. Gangaren rariyar, wato tsananin yankanta, na 12 dB ya wadatar, na 24 sai in ƙazantar ta yi yawa.

Hattara da zarmewa. Na sha jin waƙoƙin da aka tace har suka koma kamar kunun da aka cika wa ruwa.

In kuma kana jin wani "huuum" da ba ya motsi, wutar lantarki ce. Wutar Nijeriya a kan 50 Hz take, sai ta biyo waya ta shigo da 'ya'yanta 100 da 150. Kana iya tsuke Q sosai ka soke waɗannan wurare. Sai dai in da ƙaramin janareta ka yi naɗin, gudunsa yana hawa da sauka, hum ɗin ma yana yawo, allurarka ba za ta same shi a wuri ɗaya ba. Abin da ya fi, cire cajar laftof ka yi naɗi da batir, ka kuma raba wayar makirfo da wayar wuta.

Mataki na uku: farautar abin da ke damun ka

Kada ka buɗe ikwalaiza sai ka iya faɗin laifin da baki. "Jitar nan kamar a cikin kwali take." "Gogen nan yana soka kunne." In ba ka iya faɗa ba, to ba ka ji komai ba tukuna, bar layin yadda yake.

In ka faɗa, ɗauki maɗauki ɗaya, ka ɗan tsuke shi, ka ɗaga shi 8 zuwa 10 dB, ka ja shi a hankali hagu da dama. Inda wannan laifin da ka ambata ya yi tsalle ya fito fili, nan ne gidansa. Sai ka juya ƙarin ya koma ragi, 2 zuwa 4 dB, ka ɗan buɗe faɗin. Sautin kwali yawanci tsakanin 300 da 600 yake, na hanci wajen 800 zuwa 1,200, mai soka kunne 2,500 zuwa 4,000.

Tarkon da ke nan shi ne, duk inda ka ɗaga 10 dB da tsukakken Q zai yi muni, ko a waƙar da ta fi kowace kyau. Sabon shiga sai ya yi ta sara, ramuka takwas a layi ɗaya, kayan kiɗan ya mutu. Laifin da ka ji tun kafin ka fara shi kaɗai kake nema.

Bayan kowane gyara ka kashe ikwalaizar ka kunna, ka tabbata ƙarfin sautin ɗaya ne a duka biyun. Kunne maƙaryaci ne, duk wanda ya fi ƙarfi shi yake ce wa ya fi daɗi. Kuma ka rage zama a kan solo. Ba mai sauraron da zai ji fiyanonka shi kaɗai. Sau da yawa layin da ya yi siriri a solo shi ne ya zauna daram a cikin taro.

Mataki na huɗu: kik da bes

Waɗannan kishiyoyi ne a ɗaki ɗaya, dole a raba musu kwana. Yanke shawara wa zai riƙe can ƙasa. In kik ɗinka mai zurfi ne, nauyinsa a wajen 55 zuwa 65, bar masa nan, ka rage wa bes 2 ko 3 dB a daidai wurin, ka bar bes ya yi mulki daga 90 zuwa 120. In kuma bes ne mai dogon numfashi irin wanda ake kira 808, to shi ke da ƙasa, kik ya hau wajen 90 zuwa 100 ya zama gajere mai naushi. Kik yakan so a ɗebe masa kaɗan a 300 zuwa 400, a ɗan fito da bakin dukansa a 3,000 zuwa 4,000.

Sai ka tuna da inda za a ji waƙar. Yawancin mutanenmu a sifikar waya za su ji ta, ko ƙaramar MP ta mai shayi, kuma sifikar waya kusan ba ta fitar da komai ƙasa da 200 Hz. Bes ɗin da ke girgiza hedfon ɗinka a can babu shi sam. Abin da ke ceton sa 'ya'yan sautinsa ne: bes mai 55 Hz yana tafe da 110, 165, 220 da sauransu, kuma in kunne ya ji 'ya'yan, ƙwaƙwalwa takan cike gurbin uwar. Saboda haka ɗan ƙari mai faɗi tsakanin 700 da 1,000 a kan bes ya fi amfani ga mai waya fiye da tula 6 dB a kan 50.

Mataki na biyar: kalangu

A nan zan daɗe, don a nan darussan YouTube ba su da abin ce maka. Gangunan da suke koyarwa a kai sautinsu a tsaye yake, ka samo lambarsa sau ɗaya ka gama. Kalangu kuwa yawo yake. Makaɗi ya matse tsarkiya da hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka, da haka yake bin hawa da saukar harshen Hausa har ka ji kirari a cikinsa. A waɗanda na naɗa, jikin sautin yakan yi zirga-zirga daga wajen 100 zuwa 300 da 'yan kai. In ka haƙa rami mai tsuku a 200 don korar caɓi, duk sa'ad da kalangun ya ratsa ta nan sai muryarsa ta faɗa ramin, wata gaɓa ta fito wata ta ɓace. Wannan ma mura ce, wadda Baba ya ji kuwa fiyano da bes da na jibga masa a kai ne suka jawo ta.

Ga yadda na gyara, kuma har yau haka nake yi. Na cire duk abin da na sa wa kalangun. Na sa rariya a wajen 70, ƙasa da sautinsa mafi kauri, na saurari wurin da ya saki tsarkiya gaba ɗaya don in tabbata ban yanke masa ƙafa ba. Daga nan ban ƙara taɓa jikinsa ba. Sai na koma kan maƙwabtansa: fiyano da abin da ke shimfiɗe a bayansa na rage musu 3 dB mai faɗi a tsakanin 150 da 350, nauyin bes kuma na tsare shi ƙasa da 120. Nan take kalangu ya taso ba tare da na ɗaga fedarsa ba. Abu ɗaya na ƙara masa, 2 dB mai faɗi a wajen 3,000, inda gula ke haɗuwa da fata, don a ji bakin dukan ko a waya.

Kurkutu ƙarami ne, sautinsa a sama yake kuma a tsaye, shi kana iya tace shi har 200 ka ture shi gefe guda. In makirfo biyu ka sa wa kalangu, ɗaya a kowane baki, juya fuskar siginar ɗaya da maɓallin da ke da alamar Ø ka saurara. Fatun biyu suna kaɗawa ne ɗaya na shiga ɗaya na fita, kuma in suka soke juna babu ikwalaizar da za ta dawo da kaurin.

Wani abu kuma da lambobi ba sa riƙewa: fata tana bin yanayi. Da hunturu ta bushe ta ɗaure, sautin ya yi tsini. Da damina ta sha danshi ta saki, ya yi luɓus. Saitin da ka adana a watan Janairu kada ka ɗora shi ido rufe a kan naɗin Agusta. In ganga ta zo a sake, bari makaɗi ya shanya ta a rana ya ɗaure abarsa, ya fi ka sanin ta.

Da Baba ya dawo karo na uku bai ce komai ba. Yatsunsa na ga suna motsi a kan gwiwarsa har waƙar ta ƙare, sannan ya tambaye ni ko akwai ruwan sanyi.

Mataki na shida: tsakiya, inda murya ke zaune

Bahaushe baiti yake saurare. Zai yafe maka bes mara nauyi, amma ba zai yafe maka kalmar da bai ji ba, musamman in sunan amarya ne ko na wanda ya biya kuɗin waƙar. Fitar harafi tana tsakanin 2,000 da 4,000, kuma nan ne jita, fiyano, goge da algaita duk suke son tsayawa. Kafin ka ƙara wa murya, rage wa waɗannan 2 dB mai faɗi a wurin. In mawaƙi ya manne wa makirfo, ƙasan muryarsa yakan kumbura, sai ka ɗebe kaɗan a 150 zuwa 250.

Gurmi da jita in sun haɗu, ɗaya hagu ɗaya dama, sannan abin da ka ƙara wa wannan ka rage wa wancan a wuri ɗaya. Gurmi yana da 'yar ƙara ta ƙoƙo a tsakiya wadda ita ce kamanninsa, kada ka goge ta don neman ya yi santsi kamar jita. Goge kuwa izga ce a kan izga, yana da kaushi na halitta, amma wasu sautuka sukan yi tsalle su soki kunne. Irin wannan ya fi son ikwalaiza mai motsi, wadda ba ta ragewa sai sautin ya wuce iyaka. TDR Nova tana yin haka kuma kyauta ce. Ita nake sa wa algaita ma, da "s" ɗin mawaƙi a wajen 6,000 zuwa 8,000.

Saman ba shi da dogon zance. Zaɓi abu biyu, galibi murya da caki ko haya, ka ba su ɗan haske daga 10,000 zuwa sama. In kowa ya samu, waƙar za ta yi ta tsartuwa kamar mai a kasko. Bes da kayan da ke baya ma rufe musu sama ake yi.

Mataki na ƙarshe: fitar da ita daga ɗakin

Kunne yana gajiya, bayan awa guda sai ya fara neman ƙarin kaifi. In an kira salla tashi ka tafi, in ka dawo ka fara da wata waƙar da ka yarda da haɗinta, ka daidaita ƙarfinta da taka, ka riƙa tsallakawa tsakaninsu. Sannan ka mayar da taka mono, wato hagu da dama a haɗe wuri ɗaya, domin wayoyi da yawa da yawancin ƙananan sifiku haka za su haɗe ta. Abin da ya ɓuya a mono sau da yawa yana rigima da wani ne a wuri ɗaya, koma ka raba su.

Daga nan tura ta wayarka. Saurara a sifikar wayar, saurara da iyafis mai araha, ka roƙi mai Keke Napep ɗin unguwarku ya sa ta daga Ƙofar Ƙaura zuwa kasuwa, kana zaune a baya cikin ƙarar inji da hon. In kana da aboki DJ, gwada ta a manyan sifikunsa kafin ranar biki, don can ne ƙasan da ɗakinka ya ɓoye maka zai fito. Riƙe takarda ka rubuta abin da ka ji da kalmomi: baiti na biyu ya nutse, caki ya yi yawa, kik ya ɓace a waya. Abin da ya bayyana a wuri biyu ko uku shi za ka gyara, wanda ya fito a sifika ɗaya kawai laifin sifikar ne.

In ka koma, dB ɗaya ko biyu za ka taɓa, ba rushe gini ba. Adana aikin da sabon suna da kwanan wata, kada ka danne na jiya, don mai waƙa yakan kira da dare ya ce na farkon nan da ka tura masa ta WhatsApp shi ya fi so.